Gani ya kori ji: bibiyar taimin tsohuwar Hilux ɗinmu

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Daga yau duk abin da aka yi wa motar nan zan rubuta shi, domin sau uku ke nan ana taɓa ta ban san me aka taɓa ba. Tsohuwar Hilux ce ta marigayi mahaifinmu, mai injin fetur 22R, silinda huɗu, da kafireta, da distiributa (mai raba wa filogi wuta) irin ta dā mai kontak. Da ita nake ɗauko masara da shinkafa daga Dass da Toro in kawo kasuwar Muda Lawal, in an samu lodi kuma in leƙa Jos ko Gombe.

Tun ƙarshen damina jikinta ya yi sanyi. A cikin gari ba ka gane komai, amma da ka hau titin Jos ka taka totur sai gurnani, ba gudu. Hawan Panshanu da take cinyewa da giya uku da buhu goma a baya, ya zama sai na dawo giya biyu, allurar zafi kuma tana ta hawa. Ga shan mai, a lokacin da lita ta haura naira 1,000.

Mako uku da suka wuce na tsaya wurin wani bakanike a bakin hanya. Ko murfin distiributa bai buɗe ba. Ya sassauta noti, ya kama ta yana murɗawa yana karkata kunne, da injin ya ɗaga murya sai ya ce, "Alhaji, ta zauna," ya ɗaure. A kan titi ta ɗan farfaɗo, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma gyaran gangar Auzinawa aka yi mini, don ta dawo da sababbin cututtuka biyu. In na taka ta da lodi daga ƙaramin gudu sai in ji ƙaras-ƙaras, kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara ana kaɗawa. In kuma ta yi zafi na kashe, wajen tayarwa kik ya riƙa nishi yana tsayawa kamar batir ya mutu, alhali batirin bai yi wata huɗu ba.

Duka biyun matsalar taimin ce, wato lokacin da filogi ke samun wuta: alama ce ta wutar tana zuwa da wuri fiye da kima. Abin da ban gane ba shi ne dalilin da motar ta fi son hakan a kan titi.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Ban je gareji ba. Na ce bari in fara sanin abin da ke gidana.

Na kwance filogi huɗun. Bakinsu ya yi fari fiye da yadda nake so, biyu har da ɗige-ɗige a jikin tangaran ɗin. Na mayar da tazararsu milimita 0.8. Wayoyi suna kan tsarinsu, 1-3-4-2, murfin distiributa ba tsaga, rota da ke juyawa a ƙarƙashinsa ma lafiya.

A kontak na samu abin rubutawa. Ya kamata in ya buɗe iya buɗewarsa tazarar ta zama milimita 0.45. Nawa da ƙyar 0.30 ta shiga. Kontak yana da 'yar dunduniya da ke goga jikin sandar distiributa mai kusurwa huɗu, kowace kusurwa ta zo sai ta ture shi ya buɗe. A daidai lokacin buɗewar nan koyil ke sakin wuta, ba lokacin rufewa ba, kuma mutane da yawa a nan suke juya zancen. To in dunduniyar ta cinye, tazara ta ragu, kusurwa sai ta ƙara tafiya kafin ta iya ture shi, wuta ta makara ke nan ba tare da kowa ya taɓa noti ba. Shi ya sa duk wanda ya saita taimin kafin ya saita kontak, aikin baban giwa ya yi.

Na sa sabon kontak da kwandansa, na shafa ɗan giris kamar ƙwayar gero a jikin sandar. Fiye da haka zai fantsama ya ƙona bakin kontak ɗin.

Talata, 12 ga Nuwamba

Yau na kai ta wurin Baba. Dattijo ne da ya yi aiki a Steyr nan Bauchi lokacin da ake harhaɗa manyan motoci da taraktoci, kuma har gobe kallon wasan yara yake yi wa injin fetur. Ya ce su masu gas ba ruwansu da filogi, taiminsu a famfon injekta yake. Fitilar taimin ma ba shi da ita, wurin mai riwaya na makwabta, mai gyaran wutar mota, muka aro.

Mun bar injin ya yi zafi sosai. Yaron gareji ya goge fulin karanshaf, faifan da ke juyawa a gaban injin, da tsumma da fetur har ya gano ɗan tsagin da ke bakinsa, ya cika shi da alli. A jikin injin, dab da fulin, akwai ɗan ma'auni mai lambobi daga 0. Takardar da ke manne a cikin bonet ɗina ta dusashe, amma ana iya karanta 5° BTDC, wato wuta ta tashi saura digiri 5 fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa. Wannan lamba tana bambanta da shekarar mota da ƙasar da aka yi ta dominta, kowa ya duba tasa takardar, kada ya ɗauki tawa.

Jar waya da baƙa a kan batir, maƙalar fitilar a wayar filogi na ɗaya. Muka zare tiyon bakum, wanda ya haɗa kafireta da ɗan gwangwanin da ke jikin distiributa, muka toshe bakinsa da ƙusa. Kafin in sunkuya Baba ya ce, "Ɗana, cire rigar nan tukuna. Fanka ba ta san Alhaji ba." Na cire, na tsaya da singileti. Rana kuma ta hana mu ganin walƙiyar, sai da yara biyu suka riƙe buhu suka yi mana inuwa.

Yadda fitilar ke aiki abin sha'awa ne. Duk sanda filogi na ɗaya ya samu wuta sai ta ƙifta, don haka fulin da ke juyawa sai ka gan shi kamar a tsaye, allin yana nuna maka inda wutar ta same shi. Nawa allin ya tsere daga ma'aunin gaba ɗaya, a ƙiyasinmu wajen digiri 20. Kuma bai tsaya cak ba, rawa yake yi gaba da baya.

Sai Baba ya ce yaro ya ja totur a hankali. Injin ya ɗaga, ya ƙara ɗagawa. Allin yana nan inda yake.

Na ce, "Baba, ai bai gusa ba."

Ya ce, "To ga ɓarawonka nan."

A nan komai ya warware mini. Fetur da iska ba fashewa suke yi lokaci guda ba, ci suke yi, kuma cin yana ɗaukar ɗan lokaci. Ana so ƙarfin turin ya cika bayan fistin ya ɗan wuce ƙololuwa ya kama gangara, shi ya sa ake kunna wutar tun bai iso ba. Na yi lissafin a bayan kwalin kontak. A silo, wato ba a taka totur ba, in injin yana juyi 800 a minti, karanshaf yana cin digiri 4,800 a daƙiƙa. A juyi 3,000 kuwa digiri 18,000 yake ci. Lokacin cin wutar bai ragu daidai da haka ba, saboda haka dole wuta ta riƙa sammako gwargwadon gudun injin. In kiɗa ya canza, rawa ma ta canza. Aikin wasu 'yan ƙarafa biyu ke nan masu sifirin a cikin cikin distiributa, waɗanda gudu ke watsawa waje su murɗa sandar gaba. Gwamna ake ce musu, kuma nawa gwamnan ya daina zuwa ofis.

Shi ya sa ta mutu a kan titi. Mutumin bakin hanya ya tura wutar gaba dukkanta, ya ba titi abin da yake nema, ya bar ƙaramin gudu da wutar da ta fi ƙarfinsa. Ƙaras-ƙaras ɗin nan kuwa ba ƙara ce kawai ba, duka ne a kan fistin, in aka daɗe ana yi har huda shi yake yi.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Na sa baki na zuƙi tiyon gwangwanin bakum. Da lafiyarsa ƙalau, farantin da kontak ke zaune a kai zai motsa, in na toshe da harshe kuma ya tsaya a nan. Iska kawai na yi ta sha, mai ɗanɗanon fetur. Robar ciki ta yage. Shi wannan aikinsa ƙara wa wuta sammako lokacin da kake tafiya da totur kaɗan ba nauyi, a nan ake samun sauƙin mai. Ashe ɓarayin biyu ne.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Kafin mu zare distiributa mun yi mata shaida da ƙusa a gindinta, mun kuma zana inda rota ke kallo. Da muka ɗaga farantin, abin da ke ƙasa ba kyan gani: tsohon giris ya haɗu da ƙurar hunturun shekara da shekaru ya zama kamar ƙanzo, ga tsatsa a kan turakun da ƙarafan ke juyawa. Sifirin ɗaya ya fice daga maƙalarsa yana kwance a gefe. Mun jiƙa da kananzir, muka goge, muka ɗiga mai. Gwajinsa ba wuya, da na san shi tun farko da ban sha wannan wahala ba: ka kama rota ka murɗa ta wajen da take juyawa, ta ɗan tafi, in ka saki ta dawo da kanta. Tawa a dā ko gezau.

Na matsa sai mun tabbatar tsagin fulin gaskiya yake faɗa, don fulin ƙarfe biyu ne da roba a tsakani, in robar ta tsufa na waje yana iya zamewa da tsagin gaba ɗaya. Baba ya ce ɓata lokaci ne, amma ya biye mini. Muka cire kan batir, muka fasa tsohon filogi aka yi masa walda da dogon noti, muka ɗaura a silinda na ɗaya. Aka juya injin da hannu a hankali har fistin ya taɓa notin, muka yi shaida a fuli daidai 0. Aka juya ta baya har ya sake taɓawa, muka yi wata. Tsakiyar shaidun biyu ita ce ƙololuwa ta gaskiya, kuma a kan tsagin ta faɗa daram. Baba bai ce komai ba, goronsa kawai ya ɓantara.

Muka mayar, muka tayar, na riƙa dungurar distiributa da tafin hannu har allin ya zo wajen 5. Abin lura biyu. In ka juya jikinta kishiyar inda rota ke tafiya, wuta gaba take yi, in ka bi rota kuma baya. Sannan karanshaf juyi biyu yake yi kafin distiributa ta yi ɗaya, don haka digiri ɗaya a hannunka biyu ne a fuli. Ba murɗawa ake yi ba, lallaɓawa ake yi. Da aka ja totur allin ya tafi sumul ya wuce ma'auni, aka saki ya dawo. Gwamna ya koma aiki.

Sai dai rawar tana nan, tsakanin 3 da 8. Ni ina ta zargin sandar distiributa. Baba ya ce a kashe, a bar ta ta huce, muka je muka yi la'asar. Da muka dawo ya ce in tayar, shi kuma ya dafa sukudireba a gaban injin ya kara ƙotar a kunne. Daƙiƙa biyu ko uku na farko aka ji kwarr, sannan shiru.

"Sarƙa ce," in ji shi.

A 22R haƙorin da ke juya distiributa a goshin kamshaf yake, kamshaf kuma sarƙa ke jan sa. In sarƙa ta saki, wuta ba ta da tsayayyen lokaci. Muka buɗe murfin distiributa, aka sa soket 19 a notin fuli ana kai shi gaba ana dawowa. Fuli ya yi tafiyar kusan digiri 10 kafin rota ta farga. Da muka ɗaga murfin bawul muka haska tocila, dampar roba ta gefe ɗaya, wadda ke tokare sarƙar, babu ita, sai kan notinta.

Na shigo garejin nan da "gani ya kori ji" a bakina, ina jin haushin masu saita taimin da kunne. Har yanzu ina kan bakana, kunne ba ya ƙirga digiri. Amma fitila rawa kawai ta nuna mini, ba ta faɗi mai kiɗan ba. Kunnen Baba ne ya faɗa.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Mota a kwance, kaka tana wucewa. Lodi biyu na Dass na bar wa wani. Sarƙar da na samu a nan ban yarda da ita ba, mai shagon da kansa ya ce, "Akwai mai kyau, akwai ta talaka." Ƙanena da ke Kano ya shiga Ƙofar Ruwa ya haɗo saiti: sarƙa, haƙora biyu, ajasta, dampa biyu da gasket. Zai ba direba gobe. Gwangwanin bakum bai samu ba.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Kwana biyu muka yi a kai. Lagireto waje, fuli waje, murfin gaba waje. Baba ya ce sai an sauke kwanon baƙin mai na ƙasa, na so in yi gardama saboda lokaci, Allah ya sa ban yi ba. Gutsattsarin dampar suna ciki, wasu sun manne a rariyar famfon mai. A cikin murfin gaba kuma sarƙar ta fara sassaƙa alminiyon, layi biyu. Bayan wurin nan hanyar ruwa ce. Da ta ƙarasa hudawa, ruwan lagireto zai gangara cikin baƙin mai, zancen ya tashi daga taimin ya koma sayen inji.

Sabuwar sarƙa tana da 'ya'ya masu haske da ake dasawa a kan ɗigon haƙorin sama da na ƙasa. Wannan Baba ya yi da hannunsa, ya juya injin zagaye biyu ya sake dubawa.

Sa distiributa kuwa ni na ce a bar mini, kuma a nan na kwafsa. Na kawo tsagi kan 0, na zura ta rota tana kallon waya ta ɗaya, na ɗaure ina ta jin kaina. Na murɗa makulli. Tau! Kafireta ta yi wata irin atishawa har da harshen wuta, yaron da ke leƙe ya yi baya ya zauna cikin kwanon wanki.

Baba ya ce, "Alhaji ƙarami, sau nawa tsagin nan ke zuwa sifiri?"

Na ce, "Sau biyu, Baba."

"To wanne ka gaisar?"

Fistin na ɗaya yana hawa ƙololuwa sau biyu kafin filoginsa ya samu wuta sau ɗaya: hawan matse fetur, da hawan korar hayaƙi. Ni na korar hayaƙi na kama. Na san wannan tun ina makarantar koyon sana'a, gaggawa ce kawai. Muka cire filogi na ɗaya, na toshe ramin da babban yatsa, aka juya har na ji iska tana ture yatsan, sannan muka ƙarasa da tsagin. Haƙorin distiributa a karkace yake, tana shiga rota tana gusawa, don haka sai ka fara ta daga ɗan baya. Sai a zurawa ta biyu ta zauna daidai.

Baba ya nuna mini yadda suke yi tun ba fitila. Ya tsayar da tsagi a kan 5, ya haɗa ƙaramin ƙwan wuta tsakanin wayar da ta fito daga koyil zuwa kontak da jikin mota, aka buɗe makulli ba a tayar ba. Ya lallaɓa distiributa har ƙwan ya kama, wato kontak ya buɗe ke nan, ya ɗaure. Bugu ɗaya ta tashi. Da ta yi zafi muka saita bawul, na shiga 0.20, na fita 0.30, muka bar silo wajen 750. Muka haska fitilar aro: allin yana kan 6, a tsaye kamar an kafa shi da ƙusa. Na dungure shi zuwa 5. Wajen ɗaure noti ya koma 4, na sake. A riƙa haskawa bayan an ɗaure, ba kafin ba kawai.

Talata, 26 ga Nuwamba

Buhu goma na masara zuwa Jos. Na wuce Nabordo ina kasa kunne, rediyo a kashe. Panshanu da giya uku, allurar zafi ba ta kai rabi ba, ba tsakuwa a gwangwani. Na kashe ta da zafinta a Magama Gumau na sayi rake, na murɗa, ta tashi ba nishi.

Ban ɗauki wannan a matsayin cikakkiyar shaida ba. Jos tudu ce, ta haura mita 1,200, Bauchi kuwa wajen 600. Iskar sama ba ta da kauri, inji bai cika ƙwanƙwasa a can ba, ga sanyin safiya. Hanyar Gombe da rana tsaka ita ce alƙali.

Lahadi, 1 ga Disamba

Jiya na je Gombe na dawo, kilomita 300 da 'yan kai. Na cika tanki kafin in tashi, na sake cikawa da na dawo, na haɗa da galan ɗin da na ƙara a hanya: lita 43. Tafiya irin wannan a watan Oktoba lita 52 ta sha, da lodi kusan ɗaya.

Da tafiya lafiya lau, har na haye gadar Dindima na wuce Alkaleri ban ji komai ba. A dawowa na ƙara galan ɗaya wurin 'yan bumburutu don kada in yi kasada, kuma ba a yi kilomita ashirin ba na ji ƙaras-ƙaras kaɗan a wani hawa da giya huɗu. Na sauko uku ta yi shiru. Hannuna har ƙaiƙayi yake in ɗauko sifana 12 in rage mata digiri biyu. Ban taɓa ba. Man ne ya canza, ba injin ba, kuma da na cika da na gidan mai ban sake ji ba.

Asabar, 7 ga Disamba

Na sake aro fitilar, mai riwaya ya fara yi mini kallon in sayi tawa. Allin ya sauko 3. Na buɗe murfi, kontak ya koma 0.40, sabuwar dunduniya ta gama zama. Na mayar da shi 0.45 ban taɓa notin distiributa ba, na haska, ya dawo 5 da kansa.

Gwangwanin bakum ya iso daga Kano ranar Alhamis, amma hannunsa ya fi nawa tsawo, ramin ƙusarsa ma ba wuri ɗaya ba. Na mayar wa direba. Tiyon yana nan a toshe da ƙusa. Baba ya ce akwai wata matacciyar 22R a bayan wani gareji a hanyar Ningi, mai ita ba ya nan sai Litinin. Zan je da ɗan guntun tiyo a aljihu in zuƙa in gani kafin a yi ciniki.